Sammako a Yankari: Mu da Muka Kwana, da Su Adda da Suka Taso da Asuba

Daga Gombe zuwa sansanin Wikki da ke cikin dajin Yankari tafiya ce mai cinye rabin safiya, kuma a kan wannan tazarar duk gardamarmu da Addata ta tsaya kafin hutun yara na watan Afrilu. Ni da Abbansu muka yanke mu tashi ranar Juma'a da an sauko daga masallaci, mu kwana a can, gari na wayewa mu shiga daji. Ita kuwa ta ce kuɗin ɗaki asara ne. "Ke dai ki bari mu yi sammako ranar Asabar," in ji ta. "Muna idar da sallar asuba mu kama hanya, da hantsi muna can. Giwa ba gudu za ta yi ba." Ban ga laifinta ba. 'Ya'yanta biyar, ga kuɗin mai, ga kuɗin shiga, ga na motar zagaya daji, kuma kowa ya san yadda aljihu yake a wannan zamanin. Muka rabu a kan kowa ya bi tsarinsa, mu haɗu a can.

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Titin Bauchi za ka bi, ka wuce Alkaleri, sai a Dindima ka saki babban titi ka yi kudu. Daga nan kusan kilomita 29 ne zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofar shiga take. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi, don suna ɗauka da an iso ƙofa an iso Yankari. Bayan an rubuta sunayenku kun biya, akwai sauran tafiyar sama da kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin, kuma ba hanyar da ake gudu ba ce, domin dabba na iya gittawa a kowane lokaci. Dajin kansa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Rana ta yi sanyi sosai kafin mu ga rufin ɗakunan Wikki.

Waɗanda suka fara tarbarmu gaduna ne, suna kiwo a durƙushe bisa gwiwoyinsu na gaba a gefen wurin ajiye motoci, ko kallonmu ba su yi ba. Sai birai, manyan gwaggon biri, zaune a kan katanga suna nazarin kowace leda da muka fitar daga but. Ma'aikacin da ya raka mu ɗaki ya ce da ni, "Hajiya, a riƙa kulle ƙofa ko da kuna ciki, kuma kada yaro ya fito da abinci a hannu." Dada, mahaifiyar Abbansu, ta ɗauki maganar da muhimmanci, ta tura kular masarmu ƙarƙashin gado ta zauna a kusa da ita.

Kafin magariba muka leƙa ɗan gidan tarihin da ke sansanin. Akwai fatu da ƙahonni da haure, da tarkuna da bindigogin toka da aka ƙwace daga hannun mafarauta. Babban ɗana ya daɗe a gaban tarkon ƙarfe yana tambayar yadda yake kama ƙafar dabba, har sai da jikinsa ya yi sanyi. Tun 1956 aka keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Kusan shekara saba'in ke nan ana fafutukar tsare shi, kuma abin da ke rataye a bangon nan ya nuna fafutukar ba ta wasa ba ce.

Tashin yara da asuba shi ne farashin farko na sammako, kuma duk uwar da ta ce abu ne mai sauƙi ba ta faɗi gaskiya duka ba. Manyan biyu sun miƙe da ɗoki tun kiran farko. Autar kuwa, mai shekara uku, ta sa kuka, ta ƙi shayi, ta ƙi takalmi. Dada ta ce, "Ku bar min ita, me ta sani a giwa? Ku tafi abinku." Muka bar ta, kuma har yanzu ina ganin shawarar Dada ce ta gyara mana safiyar. Wajen ƙarfe bakwai muka hau buɗaɗɗiyar mota, mu da wani iyali daga Jos, da direba, da jagora mai kakin gandun daji a gaba.

Iskar ta ba ni mamaki. A watan da zafi ke kusantar digiri 40 da rana, sai ga ni ina jan mayafi ina rufe kafaɗa. Zabin daji suna ta gudu a gaban mota garke-garke, burtu biyu suna takawa a hankali cikin ƙonanniyar ciyawa, kukan tsuntsaye ta ko'ina. An ce nau'in tsuntsayen da ke wannan daji sun haura 350, kuma a wannan sa'ar ba ka da dalilin musu. Jagoran ya bayyana mana abin da ya sa lokacin ke da muhimmanci. Da damina ruwa na ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun bazu. Da rani kuwa tafkuna sun ƙafe, sai kogin Gaji da fadamarsa suka rage, dole kowa ya gangaro nan. Amma ko a ranin, dabba tana kiwo da shan ruwa ne da sanyin safiya da kuma yamma. Rana na ɗagawa sai ta shige duhuwa ta kwanta. "Hajiya, dajin bai canja ba da tsakar rana," in ji shi, "suna nan, idonki ne ba zai kai gare su ba."

Muka ga gwambaza tsaye a bakin fadama, gashin wuyanta a jiƙe. Muka ga mazo ya ɗago kai daga cikin ganye, fararen zanen jikinsa sun fito sarai, kafin ya yi tsalle ɗaya ya ɓace. Can nesa kanki guda huɗu suka tsaya suna kallonmu da dogayen fuskokinsu. Tsando ya ciji 'yata a wuya ta yi ƙara, jagoran ya ce shi ya sa ake son riga mai dogon hannu, kuma a guji baƙi da shuɗi don su ne ke jawo shi.

Sai ya ɗaga hannu, direba ya tsaya ya kashe mota. A tsakiyar hanya ga kashin giwa, kowane curi ya kai girman ƙaramar ƙwarya. Ya sauka, ya sa tsinke ya fasa ɗaya, cikinsa ɗanye shar, duk zaren ciyawa da ɓawon itace da ƙwallayen 'ya'yan itatuwa da ba su narke ba. Ya nuna wa yara sawun a kan rairayi, faffaɗa, gefensa bai ko rufta ba, babu sawun wata dabba a kansa. Ya nuna reshen da aka karya, ruwan itacen bai bushe ba. Duk wannan rubutu ne da ake karantawa da safe kawai, domin kafin azahar rana ta busar da shi, iska da tayoyin motoci sun share sauran. Ya ce a yi shiru. Muka yi gaba a hankali, muka sake tsayawa. Abin da muka fara ji ƙarar karyewar itace ce. Sannan wani abu toka-toka da na ɗauka inuwa ce ya motsa kunne. Uwa ce da ɗanta a gindinta, wasu kuma a bayansu cikin bishiyoyi, ba mu iya ƙirga su ba. Ba su daɗe ba suka juya suka nutsa cikin kurmi. Ɗana ya riƙe hannun ubansa gam, bai ce uffan ba sai da motar ta tashi.

Kada wani ya ɗauka duk mai sammako sai ya ga giwa. Giwayen Yankari ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, suna cikin mafi yawan da suka rage a Najeriya, amma a daji mai wannan faɗin ana iya yin kwanaki ba a haɗu da su ba. Jagoran da kansa ya ce mun taki sa'a. Zaki kuwa ko sawunsa ba mu gani ba. Abin da safiya ke ba ka dama ce mafi girma, sauran na Allah ne.

Akwai wata riba ta biyu da ban taɓa jin an ambata ba, kuma ga mace ita ce babba. Muna dawowa muka ɗauki Dada da autar muka gangara matakalar da ke kaiwa ruwan Wikki. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har kana ganin farin rairayin ƙasa da yatsun ƙafarka, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. A wannan lokacin babu kowa sai mu da matan iyalin nan na Jos. Na shiga da doguwar rigata hankali kwance. Dada ta zauna a bakin ruwa ta tsoma ƙafafunta masu ciwo, tana ta sa albarka. Autar ta yi ta facal-facal a wurin da bai kai mata ƙugu ba, idona a kanta ba tare da kowa ya gitta tsakaninmu ba. Duk macen da ta san yadda wurin wanka ke zama idan samari suka cika shi za ta gane abin da nake nufi. Da yawa daga cikinmu mukan je irin waɗannan wurare mu ƙare a gadin takalma da jakunkuna.

Su Adda sun iso sha ɗaya ta gota. Sun yi sammakon da gaske, amma babu mai hankalin da zai ɗebi yara ya hau wannan titin cikin duhu, don haka sai da gari ya waye suka tashi, ga tsayawa shan mai, ga mai jin fitsari, ga layi a ƙofa. Bas-bas na ɗalibai da 'yan ƙungiyoyi sun shigo tare da su. Ta sauko daga mota ta dube mu da jiƙaƙƙun kaya, ta ce, "Lallai, kana sammako wani a tafe ya kwana." Suka samu mota suka shiga daji da rana tsaka. Sun ga birai da gaduna, da gwambaza ɗaya kwance a inuwa. An kai su kogunan Marshall, ramukan da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki, kuma yaran sun ji daɗin wannan ƙwarai. Amma sun dawo a galabaice, ƙaramin yana amai saboda zafi da jijjiga. Da suka gangara Wikki, ruwan ya cika maƙil, kiɗa na tashi, Adda ba ta ko cire takalmi ba. Zagayen yamma, wanda shi ne dama ta biyu, ba na su ba ne, don dole su fita da la'asar in suna son isa Gombe da sauran haske.

Na san inda ta samo lissafinta. A wuraren wasan yara na gari, irin waɗanda muke kai su da sallah su hau lilo da jirgin wasa, zuwa da wuri layi kawai yake rage maka. Haka abin yake har a manyansu na duniya: a Disneyland ta Kalifoniya, wadda aka buɗe tun 1955, iyalai kan yi cincirindo a ƙofa kafin a buɗe, saboda a sa'ar farko yaro zai hau abubuwa da dama kafin layi ya yi tsawo. Amma a can wanda ya makara zai hau lilon nan dai, jira ne kawai zai sha. A Yankari wanda ya makara ya biya kuɗin shiga daidai da na kowa, ya ƙona mai daidai da na kowa, sannan abin da ya zo gani ya riga ya shige kurmi. Idan aka haɗa lissafin gaba ɗaya, kuɗin ɗakin da Adda ta tsimi shi ne ya sa sauran kuɗin nata bai biya ta ba, kuma wannan ya dame ni, don na san yadda ta tara shi.

Duk da haka ba kowane iyali zan ce su yi yadda muka yi ba. Mai goyo ko mai yara 'yan ƙasa da shekara huɗu, in babu wata Dada da za a bar wa su, awa biyu a buɗaɗɗiyar mota wahala ce ga yaron da uwarsa, gara su tsaya a ruwa da sassafe su more shi. Kuma wanda ya tashi yara da asuba ya sani zai biya da rana. Namu bayan azahar sun zama abin tausayi, faɗa kan ruwan sha, kuka kan hula, sai da muka tura kowa ɗaki ya yi barci. In da mun ce sai mun cika yinin da yawo don kada kuɗinmu ya tafi a banza, da mun ɓata abin da safiyar ta ba su. Wanda kuma ba shi da halin kwana a sansanin, ya kwana wurin 'yan uwa a Bauchi ko Alkaleri, ya rage tazarar, ya zo ranar da ba Asabar ko Lahadi ba.

Da su Adda za su tafi, babban ɗanta ya tsaya jikin motarmu ya ƙi motsi. Abbansu ya ce, "Adda, ki bar mana shi, gobe ma taho tare." Ta yi jim, sannan ta ciro rigarsa ɗaya daga jaka ta miƙo min. Da yamma muka sake shiga daji da shi. Giwa ba ta fito ba, amma mun tarar da garken ɓauna suna gangarowa fadama cikin ƙura, ya tsaya a kan kujera yana ƙirgawa da ƙarfi har jagoran ya ce ya sassauta murya. Da daddare Adda ta kira ta ce sun isa lafiya, ta tambayi ɗanta, sannan ta ce in tambayar mata nawa ne ɗakin da zai ɗauke su su duka, da kuma ko ana iya kama shi tun kafin hutun Disamba.