Daga Dablin zuwa Dingle a makon Kirsimeti

Na sauka Dablin, babban birnin Ailan, ranar 21 ga Disamba, ranar da ta fi kowace gajarta a shekara. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura minti ashirin, kafin huɗu da kwata kuma ta faɗi, don haka Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin abin da bai kai awa huɗu ba. Ƙasar ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ɗan Najeriya sai ya nemi bizarta daban. Kuɗinsu yuro ne, soket ɗinsu kuma mai baki uku ne irin namu.

Tun a karin kumallo Musulmi zai fara lura. Cikakken farantin safe nasu yana ɗauke da soyayyen naman alade da tsiran alade, da wani baƙin abu mai kama da yankakken alkaki da suke kira black pudding, wanda da jini da kitse da hatsi ake yin sa. Sai ka ce a ba ka ƙwai da wake da burodi, ka roƙi a soya a kasko daban. Miyar kifinsu mai madara ma a tambaya, don wasu na jefa guntun alade a ciki, haka kek da fudin na Kirsimeti galibi da giya ake jiƙa su. Naman halal akwai shi a shagunan da ke kusa da masallacin titin South Circular.

Daga tashar Heuston na shiga jirgin ƙasa zuwa Cork, tafiyar awa biyu da rabi, ba abin da kake gani sai filayen kiwo kore shar da shanu da tumaki, a tsakiyar hunturu. Wannan ciyawar ita ce asalin girkinsu: madara, man shanu, naman tunkiya. Dankalin da muke kira Arish a kasuwannin Jos da Kano kuwa ba ɗan ƙasar ba ne, daga tsaunukan Kudancin Amurka ya zo musu a ƙarshen ƙarni na 16. Talakawa suka dogara a kansa, galibi ma iri guda mai suna Lumper, har cutar ruɓa ta faɗa masa a 1845. Kafin 1852 mutum kusan miliyan ɗaya yunwa da cuta sun kashe, wasu kamar haka suka bar ƙasar.

A Cork, kasuwar English Market da aka buɗe a 1788 ita ce wurin zuwa. A wannan makon kowane mahauci ya tara dunƙulen naman sa baƙi ƙirin da kayan ƙamshi, abincin Kirsimeti na mutanen garin, gadon zamanin da Cork ke loda wa jiragen ruwa nama mai gishiri. Ana shafe naman cinya da jan sukari da gishiri da baƙin masoro da kanumfari da sauran kayan ƙamshi, a ajiye a wuri mai sanyi mako ɗaya zuwa biyu ana juya shi kullum. Daga nan a dafa a ruwa a ƙaramar wuta, kilo biyu kamar awa biyu da rabi, a bar shi ya huce cikin ruwansa. Da sanyinsa ake ci, a yanka siriri. Wanda ya yanka da zafi zai ga naman ya wargaje, wanda ya bar ruwan ya yi ta tafarfasa zai samu nama kamar igiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne burodinsu na soda, domin ba ya son yis, ba ya son jira, kuma duk kayansa muna da su. Fulawa giram 450, gishiri cokalin shayi ɗaya, sodar burodi cokalin shayi ɗaya a shafe, kada ya yi tozo, sai tsala mililita 350 zuwa 400. Tsalar nan ta Fulani da aka cire wa mai ita ce daidai abin da suke amfani da shi. Kindirmo ma ya yi idan an ɗan sirka shi da ruwa. Tsamin nonon ne ke haɗuwa da sodar ya ba da iskar da ke tayar da ƙullun, kuma aikin yana farawa ne da zarar sun haɗu, shi ya sa ake kunna tanda tun kafin a taɓa fulawa. A haɗa da yatsu cikin minti ɗaya, a dunƙule, a ɗan danne ya yi kaurin yatsu biyu zuwa uku, a tsaga gicciye mai zurfi a sama don zafi ya kai tsakiya. Minti 15 a zafin digiri 230 na ma'aunin Celsius, sannan minti 30 a 200. Idan ka ƙwanƙwasa gindinsa ka ji amo kamar ganga, ya gasu. Murza shi da yawa na sa ya yi tauri, soda in ta yi yawa sai cikin ya yi rawaya ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Kwana ɗaya yake yi da daɗinsa.

Farfesun tunkiyarsu ba ya da tumatir ko attaruhu, harshenmu zai ce lami ne, amma dabarar kaurinsa abar koyo ce: ana yanka kashi ɗaya cikin uku na dankalin siriri a shimfiɗa a gindin tukunya ya narke, sauran a ɗora manya a kan nama da albasa, a rufe awa biyu ba tare da juyawa ba.

Ranar 24 na kama hanyar yamma, jirgi zuwa Tralee ta Mallow, sannan bas na kusan awa ɗaya zuwa Dingle a gaɓar Atilantika. Jinkiri a nan kuskure ne, don jiragen ƙasa na tsakanin garuruwa ba sa tafiya ranakun 25 da 26, shaguna kuma a rufe suke ranar Kirsimeti, sai ka sayi abincinka tun jajibere. Da dare na ga kyandir a tagogin gidaje, alamar maraba ga Maryamu da Yusufu da duk baƙon da ya rasa masauki, kuma autan gida ne bisa al'ada yake kunnawa. Shugaba Mary Robinson, da aka zaɓa a 1990, ta sa irin wannan fitila a tagar fadar shugaban ƙasa domin 'yan ƙasar da ke ƙetare.

Saboda bikin ranar 26 na je Dingle. Suna kiranta Lá an Dreoilín, ranar wani ɗan tsuntsu da bai kai gwara girma ba. A da samari kan farauto shi su rataya a reshe su bi gida-gida suna waƙa ana ba su kuɗi, abin ya ɗan tuna mini da tashe. Yanzu ba a kashe tsuntsun, kuɗin ma na agaji ne. Unguwanni huɗu ke fitowa, kowace da launinta da masu sarewa da ganguna, wasu sun shafe fuska, wasu sanye da riguna da dogayen huluna na karan hatsi da aka saƙa da hannu, ga dokin katako mai buɗe baki yana tsorata yara. Daga tsakar rana ake fara zagaya garin har dare, kuma ruwan sama ba ya hana su. Takalmin da ruwa ba ya shiga da rigar ruwa sun fi lema amfani, don iskar teku tana juya lema cikin minti kaɗan.

Washegari, 27 ga wata, jirage suka dawo aiki, na koma Tralee da basin safe.