Ciwon cikin da ba ya zuwa ranar Asabar

Kusan wata uku yarona yana tashi da ciwon ciki. Daga Litinin zuwa Juma'a sai ya dafe ciki ya ƙi karyawa, amma Asabar da Lahadi garau yake, har ƙwallo yake bugawa a ƙofar gida. Na ba shi jiƙo, na kai shi kemis, duk a banza. Shekararsa 9, yana aji huɗu a wata firamare kusa da mu a Ƙofar Ƙaura, kuma tun yana ƙarami yake da i'ina.

A wajen wanki asiri ya tonu. Na juya rigarsa ta makaranta, sai ga "bebe" an rubuta da biro a ƙasan wuya. Ban tare shi nan take ba. Sai bayan isha'i na zaunar da shi muna tsinkar zogale, don kada ya ga na zuba masa ido. Maganar ta daɗe kafin ta fito, ni kuwa na danne zuciyata ban ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba. Ashe wasu yara uku 'yan aji shida ke tare shi a bayan ajujuwa idan an fita tara. Su ƙwace naira 100 ɗin da nake ba shi, su tilasta masa faɗin sunansa, suna kwaikwayonsa suna dariya.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Umma, ai Abba ya ce duk wanda ya shigo da kuka sai ya ƙara masa."

Wallahi har yau maganar nan tana sukata. Mu da bakinmu muke cewa yaro, "Kai ba namiji ba ne? Je ka rama." Ta yaya ɗan shekara 9 zai rama a hannun ƙarti uku? Abin da ya koya kawai shi ne ya yi shiru.

Washegari ni ma na tafka nawa kuskuren. Na zura hijabi na nufi makarantar rai a ɓace, na ɗaga murya, aka fito da yaran aka zane su a gaban kowa. Na dawo ina ganin an gama. Ina! Sai suka laƙaba masa "mai kai ƙara", suka koma jiransa a hanya, inda babu idon malami.

Da dare na ce wa mahaifinsa, "Malam, wannan ba ta bulala ba ce." Bayan magariba ta gaba ya ɗauki limamin masallacin unguwarmu suka je gidan su jagoran yaran. Ba a yi hayaniya ba. Liman ya kawo hadisin nan da ke cikin Bukhari, cewa ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, kuma taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Uban ya yi shiru, ya ce bai taɓa sani ba, shi da asuba yake fita kasuwa.

Ni kuma na koma wurin malamar ajinsu, mu biyu kawai. Ta dawo da shi layin gaba, ta daina tashinsa karatu ba shiri. Na daina ba shi kuɗi, ina zuba masa abinci a kula, ɗan yayata kuma yana biyo masa su dawo tare. Mahaifinsa ya kira shi ya janye waccan maganar da bakinsa. Duk da haka sai da zangon karatu ya kusa ƙarewa ciwon cikin ya tafi.

Shekaranjiya wata maƙwabciyata ta shigo, ta ce 'yarta ta koma fitsarin kwance, ga yawan ciwon kai. Na shimfiɗa mata tabarma, na ce, "Maman yara, zauna tukuna. A waɗanne ranaku kan yake yi mata ciwo?"