Taswirar Densu ta fito, mangrob da kacalla sun rabu a ƙarshe

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta. Alhamdulillah abin da ya hana ni barci ya warware jiya bayan isha'i, shi ne na ce bari in rubuta tun da zafinsa.

Kun san dai aikin da na ɗauko, zana taswirar inda itatuwan mangrob, masu tsirowa cikin laka inda kogi ke haɗuwa da teku, suka rage a bakin kogin Densu kusa da Accra, wajajen Tsokomey da Bortianor da Tetegu. Wurin yana cikin dausayoyin bakin teku biyar da Gana ta sa a ƙarƙashin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, a 1992, tare da Keta, Songor, Sakumo da Muni-Pomadze, amma duk wanda ya hau trotro, motar haya, daga Kaneshie ya nufi can ya ga yadda gine-gine ke cin wurin. A cikin saiwoyin nan 'ya'yan karfasa da kaguwa da jatan lande ke fakewa har su yi ƙwari, kawa ma tana maƙalewa a jikinsu, to in ba a san faɗin abin da ya rage ba me za a ce ana karewa?

Matsalata ita ce kacalla. Wallahi ciyawar nan ta wahalar da ni. In ka lissafa NDVI, ma'aunin korancin tsiro, daga hoton tauraron ɗan Adam na Sentinel-2, duk abin da yake kore shar sai ya fito iri ɗaya, mangrob, kacalla, ciyawar bakin ruwa, har bishiyoyin bayan gidajen mutane, kwamfuta ta haɗa su ta shafa musu launi guda kamar an zuba shuni a kwano ɗaya. Taswirar farko ta nuna min kurmi guda a inda ni da idona na san kacalla ce zalla. Na ɗaga lambar NDVI da nake raba su da ita, na sauke ta, in na kori ciyawa sai rabin mangrob ɗin ya tafi da ita, in na dawo da shi ta biyo shi. Ga gajimare kuma, ana samun sabon hoto duk kwana 5 amma a damina ɗaiɗai ne hoton bakin tekun Accra da za ka samu ba farin hadari a kai, kuma kowane fayil ƙato ne, kuɗin data da na ƙona wurin sauke hotunan da ba su amfane ni ba har yanzu yana min ciwo.

Abu uku ne suka haɗu kafin ta yiwu. Na daina taɓa hotunan damina kwata-kwata, na koma na Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu ciyawar tudu ta bushe ta yi ja, shi kuwa mangrob yana nan kore. Sannan na bar NDVI na jera band 8, 11, 4, wato sassan hasken da tauraron ke ɗauka daban-daban. Jama'a ku gwada wannan! Band 11 yana jin danshi, mangrob kuma ƙafarsa na cikin laka da ruwa, sai ya fito da wani ja mai duhu da ya bambanta da sauran. Kowane ɗigon hotonsa mita 20 ne a ƙasa ba 10 ba, sai ka daidaita shi da sauran, amma ya biya wahalarsa.

Na ukun shi ne hawa da saukar ruwa, kuma shi ya fi ci min rai don babu bidiyon koyo da na kalla da ya tsaya a kai. Tauraron yana bi ta kanmu da hantsi, wajen goma da rabi. In a wannan sa'ar ruwa ya cika, ƙananan dashen da ba su kai gwiwa ba suna nutsewa, kwamfuta ta ce ruwa ne kawai. Sai na ɗauko jadawalin igiyar ruwa na tashar Tema ina duba kowace rana, na ware hotunan da aka ɗauka ruwa ya janye. Ku kuma kula da lokacin da aka buɗe dam ɗin Weija da ke kan kogin, wannan yana shafe komai.

Kacallar da ke tsaye cikin ruwa dai ba ta gama rabuwa ba sai da na shiga kwalekwale da waya a leda ina danna GPS. Wata uwa mai ɗiban kawa ce ta tuƙa ni, ba ma jin yaren juna sosai, Twi ɗinmu na kasuwa muka haɗa, amma da sandar tuƙi take nuna min, nan kawa take, can ruwan ya yi daɗi da yawa ba ta zama. Hannunta duk tabon yankan ɓawo. Matan nan tun 2017 suke rufe ɗiban kawa da kansu na wata biyar, Nuwamba zuwa Afrilu, suna kuma dasa mangrob. Wuraren da ta nuna min su na ba Random Forest, dabarar da kwamfuta ke koyon rarrabe abubuwa daga misalai, a manhajar Earth Engine ta Google ya koya, jiya da na danna sai ga layin mangrob yana bin gaɓar ruwa siriri daidai yadda na gan shi. Sai da na tashi tsaye a ɗaki, ƙanena ya ɗauka wani abu ne ya faru.

Abin da ya rage, inda layin bai kai faɗin mita 10 ba har yanzu yana ɓacewa, dole in zana shi da hannu. Ina so kuma in buga taswirar babba in kai wa matan su sa min alamar inda kawa ta fi yawa, don waccan ce za ta yi wa masu binciken kifi amfani.

Mai shirin yin Keta ko Ada ya tuna layin Greenwich ta Tema ya ratsa, a tsarin UTM na raba taswirar duniya shiyya-shiyya Densu tana 30N, su kuma can 31N ne. In akwai wanda ya taɓa haɗa Sentinel-1, tauraron radar da ke ratsa hadari, da wannan don kauce wa gajimare, don Allah ya nuna min ta inda ake farawa.