Masu mai sun koma ga roba, roba kuma ta yi kwantai

Manyan kamfanonin mai sun daɗe da hango motocin lantarki na tafe, sun san wata rana cinikin fetur zai ja baya. Sai suka karkata ga sinadaran da ake samu daga ɗanyen mai da iskar gas, wato roba, leda, zaren tufafi da takin zamani. A 2018 Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashen cewa wannan ɓangare zai ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarin buƙatar mai zuwa 2030. Saudi Aramco ba ta yi wata-wata ba, a 2020 ta sayi kashi 70 cikin 100 na SABIC, babban kamfanin sinadarai na Saudiyya, a kan dala biliyan 69.1, a shekarar da farashin gangar man Amurka ya taɓa faɗuwa ƙasa da sifili.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowa ya yi wannan lissafin lokaci guda. Sin ta gina masana'antun etilin, sinadarin da ake yin roba da shi, babu ƙaƙƙautawa, Amurka ma ta cika gaɓar Texas da Louisiana da nata, tana taƙama da gas mai arha. Kayan na fitowa, masu saye suka ja da baya. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 tsakanin Maris 2022 da Yuli 2023, harkar gidaje a Sin ta durƙushe tun rikicin bashin kamfanin gine-gine na Evergrande, wanda kuwa bai yi gini ba ba ya sayen bututun roba ko fenti.

Turai ce ta fi jin jiki. Bayan Rasha ta afka wa Yukren, tsadar gas ta sa BASF, katafaren kamfanin sinadarai na Jamus, ta sanar a Fabrairun 2023 cewa za ta rage ma'aikata 2,600, ta kuma rufe ɗaya daga cikin masana'antun amoniya (sinadarin haɗa takin zamani) biyu da take da su a birnin Ludwigshafen na Jamus. A daidai lokacin tana zuba biliyoyin Yuro a katafaren gininta na Zhanjiang a Sin. Wasu na murna, wai hayaƙi ya ragu. Ni ban gani ba, hayaƙin ƙaura kawai ya yi.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai sake sarrafa tsohuwar roba. Sai ya tattaro, ya ware kwalba daban leda daban, ya wanke, ya niƙa, ya narkar, sannan ya fitar da ƙwayoyi masu ɗan duhu-duhu. Ya kai wa mai masana'anta, mai masana'anta ya ɗebo sababbin ƙwayoyi farare tas a tafin hannu, ya ce waɗannan sun fi naka arha. To me zai ce? Ƙididdigar OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, ta nuna an samar da tan miliyan 460 na roba a 2019, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na sharar aka sake sarrafawa. Muddin sabuwa na arha, wannan adadi ba zai yi wani motsin kirki ba.

Maganar yarjejeniyar duniya kan roba da aka fara a Nairobi a Maris 2022 ta cije a Busan ta Koriya ta Kudu a Disamba 2024, ta sake cijewa a Geneva a Agusta 2025. Ƙasashe da dama na son a ƙayyade yawan robar da ake ƙerawa, su Saudiyya da Rasha da Iran suka ce atafau, a tsaya kan kwashe shara kawai. Wanda ya biya dala biliyan 69 don ya sayar da roba ba zai sa hannu a rage ta ba.