Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Azumi a Garanada

A makon jiya mun tsaya ne inda jirgi ya sauke ni a Madrid, na shiga bas na yi awa biyar ina gangarawa kudu, ba ni da komai sai akwati ɗaya da 'yar takarda mai adireshin gidan da aka ce zan zauna. Ga waɗanda ba su tare da mu tun farko: a Bronx aka haife ni, Baba ya mayar da ni Kano wajen kakata ina ɗan shekara tara, na koma Amurka bayan na gama sakandare. A shekarata ta uku a jami'a na shiga tsarin da ake tura ɗalibi wata ƙasa ya yi zango ɗaya, makin da ya samu a can a lissafa masa a gida. Wasu suka zaɓi Landan, wasu Itali. Ni na rubuta Garanada ta ƙasar Sifaniya, a farkon shekarar 2023.

Gidan da aka sauke ni na wata tsohuwa ne da mijinta ya rasu, a unguwar Realejo, gindin tudun da fadar Alhambra take kai. Abin da idona ya fara cin karo da shi a kicin ɗinta ƙafar alade ce guda, busasshiya, har da kofatonta, an kafe ta a kan wani katako an yafa mata tsumma. A gidaje da mashaya da yawa a garin haka za ka gani. Da 'yan kalmomin Sifaniyancin da nake da su na faɗa mata ni Musulmi ne. Ba ta ce komai ba a ranar. Washegari na dawo daga aji na tarar ta sayo sabon kasko da sabuwar wuƙa, ta ɗaura musu jan zare a mariƙi, ta nuna ni ta nuna su. Har na bar gidan nan ba ta taɓa haɗa su da nata ba. "Iho" take kira na, wato ɗana, ni kuma na riƙa ce mata Mama, ta kuwa amsa.

Abokan tafiyata 'yan Amurka ba zama ya kawo su ba. Ba mu da aji ranar Juma'a, don haka tun daren Alhamis ake ɗaure jakar goyo a nufi filin jirgin Malaga, inda ake samun tikiti mai arha. Wannan makon Paris, na gaba Rum, na gaba Amstadam. Ranar Litinin a dawo aji ana ƙirga ƙasashe da yatsu. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne yarjejeniyar Shengen, wadda aka fara sa wa hannu a 1985 a wani ƙauyen Luksambag mai wannan suna: in ka shiga ɗaya daga cikin ƙasashen, sauran ba shinge tsakaninku. Mai fasfon Amurka ma in yawon buɗe ido kawai ya kawo shi, yana da kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba tare da biza ba. Ni ma na bi ayari. Na je Paris, na je Lizbon, na ɗauki hotuna na tura wa ƙannena. A lokacin ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me ya sa kowace ƙofa take buɗe mini ba. Na ɗauka haka Turai take ga kowa.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Na faɗa wa Mama ba zan ƙara cin abincin rana ba har wata guda, hankalinta ya tashi, domin su abincin ƙarfe biyu da rabi shi ne babban abincin yini. Da ta ji ko ruwa ba na sha sai ta dafe ƙirji. Amma da aka ƙara wa agogo awa ɗaya a ƙarshen watan, rana ta koma faɗuwa wajen takwas da rabi, su kuma dama sai tara suke cin na dare, sai shan ruwana ya zo daidai da teburinta. Kowane dare kafin ta kwanta takan bar mini wainar ƙwai da dankali a rufe da faranti, da burodi da man zaitun, saboda sahur.

A shekarar, azumi ya haɗu da makon da suke kira Semana Santa, makon ƙarshe kafin bikin Ista. Ba wanda ya shirya ni don abin da na gani ranar Lahadin farko. Da yamma ne, ina dawowa gida da yunwa, na ji ganguna da ƙaho daga nesa, ga ƙamshin turaren wuta ya cika lungu. Ina karya kwana sai ga su a gabana, sahu biyu, da dogayen riguna har ƙasa, kowa ya rufe fuska da hula mai tsini wadda ba a bar komai a jikinta ba sai ramukan ido biyu. Wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Duk baƙin mutumin da ya tashi a Amurka ya san wannan siffa tun yana firamare, siffar 'yan Ku Klux Klan ce, masu rataye baƙaƙen fata a bishiya. Na manne da bango, bakina ya bushe fiye da yadda azumi ya busar da shi, ina ta maimaita hasbunallahu.

Abin da ya kwance ni wata yarinya ce da ba ta wuce shekara shida ba. Ta fito daga cikin taro riƙe da wani dunƙule kamar lemo, ta miƙa wa ɗaya daga cikin masu hular. Sai ya sunkuyo da doguwar kyandir ɗinsa a hankali ya ɗiga mata narkakken kaki a kai, ta ce ta gode, ta ruga wajen na gaba. Ashe al'adar yaran garin ce, kowace shekara dunƙulen yana ƙara girma. Da daddare Mama ta yi mini bayani: masu tuba ne, suna rufe fuska don kada a san wanda ya fito neman gafara, kuma kayan nan sun girmi waccan ƙungiya ta Amurka, wadda aka kafa a 1865, da ɗaruruwan shekaru. Mijinta ma ya yi shekaru yana cikin masu shiga ƙarƙashin gumakan da ake zagaya gari da su a makon, su ɗauke su a wuya. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Duk da haka har makon ya ƙare in na ji ganga sai na canja hanya, don abin da ya shiga jiki tun yarinta ba ya fita da bayanin dare ɗaya.

A cikin azumin nan ne aka kai ajinmu Alhambra. Sunan daga Larabci ne, Alhamra'u, wato ja, kuma in hasken la'asar ya bugi ganuwarta za ka ga dalili. Sarakunan Banu Nasar ne suka gina ta, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, har zuwa 2 ga Janairu 1492 da sarkinsu na ƙarshe, Abu Abdullahi Muhammad, ya miƙa makullan birni ga sarakunan Kirista, Fadinan da Isabela. Mun shiga farfajiyar zakuna goma sha biyu na farin dutse masu ɗauke da kwanon ruwa, ruwan da aka janyo ta kwata daga kogin Daro tun zamanin can. Abokaina suna ta yaba zanen bango. Ni da na matsa kusa sai na ga ba zane ba ne kawai, rubutu ne, kuma ina iya karanta shi. Wa la galiba illallah. Babu mai rinjaye sai Allah. A saman ƙofa, a jikin ginshiƙi, a kewayen taga, ko'ina ka juya shi ne. Wata 'yar ajinmu ta ji ina motsa baki ta ce in faɗa mata, kafin ka ce kwabo rabin ajin sun kewaye ni. Karatun da na yi a zaure a Kano, ina kuka ina cewa a mayar da ni wajen uwata, shi ne ya tsaya mini a wurin.

Da na koma gida na kira Baba. Yana cikin tasi yana jiran fasinja. Na ce, "Baba, yau na shiga fadar sarakunan Andalus." Ya ce wane gari ma nake? Da na ce Larabawa Garnaɗa suke ce masa, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, garin Ibnu Asim ke nan, mai Tuhfa, littafin da alƙalanmu suke karantawa. Alƙali Iyal ma mai Ashafa ya yi alƙalanci a nan." Ashafar da nake ji ana ja a masallatai duk azumi a Kano. Ya ce in yi musu addu'a in na je masallaci. Muryarsa ta canja, ban taɓa jin sa haka ba.

Masallacin yana can saman unguwar Albaisin, sai ka hau lunguna masu tsakuwa har numfashinka ya ɗauke. A 2003 aka buɗe shi, bayan shekara 500 da 'yan kai da faɗuwar birnin. Daga lambunsa kana kallon Alhambra tsaf a ɗaya tudun, bayanta duwatsun Siyera Nebada da dusar ƙanƙara a kansu. Ranar wata Juma'a na tsaya shan ruwa a can. Aka raba dabino da harira, miyar da mutanen Maroko suke buɗa baki da ita. Ina riƙe da kwanona sai na ji wani a bayana yana waya: "To Inna, sai haƙuri, in an biya mu zan aiko." Na juya da sauri har miyar ta zube mini a hannu.

Siriri ne dogo, zai girme ni da kamar shekara goma, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Na jira ya gama na ce, "Sannu Yaya, an sha ruwa lafiya?" Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Mutumin Damagaram ne. A gonakin leda yake aiki, can bakin teku wajen Almeriya, inda aka lulluɓe ƙasa da farar leda iya ganinka, ana noman tumatir da kokwamba da barkono da ake kai wa kasuwannin Jamus da Ingila. In hunturu ya zo ya tafi lardin Hayen tsinkar zaitun. Ya ce cikin ledar nan da rana kamar tanda, kuma a ciki yake azumi. Ranar ya samu hutu ya hau bas ya zo don ya yi Juma'a a masallacin da aka gina don salla, tunda su a can a wani shago suke yi.

Ya ba ni labarin hanyarsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Agadas, Tamanrasat, daga nan Maroko, ya yi wata da watanni a daji kusa da Nador, sannan kwale-kwalen roba da dare. Jirgin ceto ne ya tsince su ya kai su Motril, tashar ruwan da ba ta fi tafiyar awa ɗaya daga inda muke zaune ba, inda ni da abokaina muka wuce muka je wanka a teku. Ya ce a inda ruwan ya fi matsewa, wajen Tarifa, kilomita 14 ne kacal tsakanin Afirka da Turai, mai takarda ya shiga jirgin fito cikin awa ɗaya ya haye. Shi ba shi da takarda. Dokar lokacin ta ce sai mutum ya nuna ya yi shekara uku a ƙasar, ya kuma samu wanda zai rubuta masa takardar ɗaukar aiki, kafin a duba maganarsa. Saura masa wata bakwai. Har zuwa lokacin ba ya shiga tashar jirgin ƙasa in ya hango 'yan sanda.

Ya tambaye ni ta wace hanya na shigo. Na ji kunyar amsawa, amma na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ƙanena, yana jikinka? In gani mana." Na zaro fasfon daga aljihun ciki. Ya goge hannunsa a wando sau biyu kafin ya karɓa. Ya shafa shuɗin bangon da babban yatsa, ya bi gaggafar da ke jiki, ya buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ya rufe. Ya ɗan jijjiga shi a tafin hannu ya ce, "Ashe ba shi da nauyi." Ya miƙo mini da hannu biyu.

Ina da tikitin Rum na mako mai zuwa a cikin wayata a lokacin, ban faɗa masa ba.

Da muka idar da isha'i ya ce zai sauka kada bas ta ƙarshe ta wuce shi. Mun kai bakin lambu sai ya tsaya. An kunna wa Alhambra fitilu, ta yi jawur a cikin duhu. Ya ba ni wayarsa mai fasasshen gilashi ya ce in ɗauke shi a nan, Inna ba ta taɓa ganin hotonsa a wuri mai kyau ba. Ya gyara wuyan riga, ya ɓoye hannayensa a baya. Na ɗauka sau uku. Yana duba hotunan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka ce in ka gama karatu za ka je Kano gaida kaka?" Na ce in Allah ya yarda, cikin watan Yuni. Ya ce, "To akwai saƙon da zan ba ka. Daga Kano zuwa Damagaram ai ba nisa."

Abin da ya ba ni, da yadda aka yi na tsinci kaina a motar Almeriya maimakon jirgin Rum, shi ne za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.