Abin da na koya a bayan barga

Shekara huɗu na yi ina kula da dawaki biyar a bargar wani Alhaji da ke gefen birnin Kano. Son hawa ne ya kai ni. Tun ina yaro nake kutsawa cikin taro a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ina kallon lifidi da kwalkwali, ina jin dama ni ne a kan sirdi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, muka yi ta murna. Sai dai hawa na 'yan kwanaki ne a shekara. Sauran kwanakin, shebur da baro ne aikinka.

Doki ɗaya yakan yi kashi kilo 15 zuwa 20 a yini. Ka lissafa na biyar. Da na fara, hanya mafi sauƙi na bi: in tara a bayan katanga, in ruwan sama ya sauko ya kwashe zuwa kwata. Kwatar ta toshe, ƙuda ya cika kowane gida a layin, har mai unguwa ya aiko. Alhaji bai yi mini faɗa ba, dattijon da ya girme mu a bargar ya kira. Baba ya dubi tulin ya girgiza kai.

"Yaro, kuɗin harawarka ne ka bai wa kwata."

Ban gane ba a lokacin. Washegari ya sa na haƙa rami biyu nesa da rijiya. Kashi da ragowar ciyawar da dawaki suka tattake da shimfiɗar da ta jiƙe da fitsari, duk cikin rami ɗaya. A yayyafa ruwa, a rufe, a juya bayan mako biyu. Idan ka cusa hannu tsakiyarsa za ka ji zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Wannan zafin ne ke kashe ƙwayayen tsutsar ciki da irin ciyawar da doki ya haɗiye bai narke ba. Ɗanyen kashi kuwa ƙone ƙaramin shuka yake yi, ya kuma cika wa manomi gona da ciyawa, shi ya sa wasu ke gudunsa. Bayan wata uku sai ya yi baƙi, ya daina wari. Wani manomi da Baba ya sani ya soma zuwa da amalanke yana ɗauka, da kaka kuma ya biya mu da harawar wake da ta gyaɗa. Duk wanda ya sayi damin harawa a watan Afrilu ya san darajar wannan musaya.

Akwai abin da har yau nake jin kunyarsa. Ina ɗura wa dawakin maganin tsutsa kusan kowane wata, a ganina kulawa ce. Likitan dabbobi ne ya tsayar da ni, ya ce yawan bayarwa barkatai shi ke sa tsutsar ta daina jin magani, kuma magungunan tsutsa irin su aibamektin suna fita cikin kashi da ƙarfinsu, su kashe buzuzu. Dariya ta so kama ni, wa ya damu da buzuzu? To shi ne ke binne kashi a makiyaya, ya buɗe ƙasa ruwa ya shiga, ya hana ƙuda wurin ƙyanƙyasa. Daga nan sai an duba kashin doki kafin a ba shi magani.

Ruwa ma haka. Da bazara doki kan sha lita 40 a yini, ban da wanka. Mun mayar da wurin wankan gindin darbejiya da wani gawo da Baba ya dasa, aka daina kwarara wa titi.

Wajen yankan ciyawa Baba ba ya ɗaga ƙafa. Lauje kawai ya yarda da shi. Masu kankare harƙiya da fartanya har saiwa, cewa yake suna cin ta bana ne da ta baɗi a tare. Kilisa kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi, a kan turba kaɗai. Kofato na daddaƙe jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda aka yi sukuwa sau uku sai ka ga zaizaya ta kama. Turke ma ba a barinsa wuri ɗaya. Ni da kaina na ƙara doka guda, bayan daren da muka kwana tsaye kan wata goɗiya da cikinta ya ƙulle: duk damin ciyawar da aka yanko a bakin hanya sai an warware shi an tsince leda.

Bara na leƙa bargar. Ramukan na nan, wani yaro na juyawa. Gonar manomin nan dai an yanka ta fulotai, har an soma ɗora bulo. Yanzu daga wani ƙauye can gaba ake zuwa ɗaukar takin, kuma mai motar ya ce sai an biya shi kuɗin mai.