Godiya ga 'yan'uwa da suka tsaya min kan matsalar saba

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, hankalina ya kwanta, kuma dole in fito in yi godiya a fili.

Saba ce, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana ba wasu, mai aiki da tsarin Ubuntu, da nake kula da ita ta wata 'yar makaranta, sakamakon jarrabawar yara duk yana ciki. Na cire Apache na koma Nginx, dukansu manhajojin nuna shafin intanet ne, sai na buga umarnin systemctl list-units --all, mai jero sabis, wato manhajojin da ke aiki a bayan fage, don in tabbatar komai ya tafi daidai, kawai sai ga sunan apache2 yana nan daram, ga wasu kuma an rubuta musu not-found da launi, har da auditd, sabis ɗin rubuta abin da ake yi a na'ura saboda tsaro, wanda wallahi ban taɓa saka shi ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani ne ya yi kutse yana aiki ta bayan fage, ga shi amanar mutane ce a hannuna, barci ma gagara ta ya yi.

Yayana a wannan harka, wanda ya kira ni da dare da katinsa, Allah ya saka maka da alheri. Shi ne ya ce in buɗe fayil ɗin ssh.service, na sabis ɗin shiga na'ura daga nesa, in karanta da idona, sai ga layin After=network.target auditd.service. Ashe systemd, manhajar da ke kula da sabis ɗin na'ura, in har wani fayil ya ambaci sunan sabis a After ko Wants to zai saka sunan a lissafinsa ko da babu shi a na'urar, kamar dai malamin da ke kiran suna daga rajista, yaron da bai zo ba ma sai an kira shi. Not-found ɗin cewa kawai yake na nema ban gani ba, babu abin da ke gudana.

Ita kuma malamar da ta warware min zancen apache2, na gode ƙwarai. Ta nuna min cewa umarnin cire manhaja na apt remove ba ya kwashe fayilolin saiti, shi ya sa dpkg -l, mai jero manhajoji, ke nuna rc a gaban sunan, wato an cire amma saitin na nan, kuma tsohon fayil ɗin /etc/init.d na nan, systemd kuwa tun da Ubuntu ta koma kansa a 2015 yake ɗaukar irin waɗannan fayiloli yana mayar da su sabis. Na yi apt purge, mai kwashe har da saitin, na leƙa foldar multi-user.target.wants ko akwai mataccen linki, sannan daemon-reload da reset-failed don systemd ya sabunta lissafinsa, shi kenan sunan apache2 ya ɓace.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne babu wanda ya ce min goge komai ka sake sakawa, sun zauna ne sai da na fahimci dalili, ita malamar har hoton allonta ta riƙa turo min layi bayan layi. Auditd ɗin na bar shi yadda yake tunda ba ya cutar da komai.

Allah ya ƙara muku ilimi mai amfani, ya jiƙan mahaifa, ya biya muku bukatunku.